Jan Fenti a Bangon Shagona

Ranar wata Talata na dawo daga ta'aziyya a Marwa na tarar an shafa wa bangon shagona jan fenti, layi biyu a gicciye, da lamba a ƙarƙashinsu. Fentin ko bushewa bai gama yi ba. Yaron shagona ya ce wasu mutane ne suka zo da farar mota, ɗaya yana leƙa wani abu mai ƙafa uku, ɗaya yana jan igiyar awo daga tsakiyar kwalta. Na duba hagu, na duba dama. Rumfar mai shayi, shagon Kawu, har katangar masallacinmu, duk an yi musu irin wannan ado.

Ni mai faci ne. Kakanmu fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano, mahaifina ya yi gyaran keke a wannan wuri, ni kuma na tashi a kan tayar mota. Garinmu ƙarami ne, a arewacin Kamaru, a bakin babbar hanya ta ɗaya, tsakanin Marwa da Mora. Shagon ɗaki ɗaya ne na ƙasa mai rufin kwano, da rumfa a gaba, da darbejiya biyu, da mangwaro ɗaya a baya wanda mahaifina ya dasa shekarar da aka haife ni. Gaba kaɗan da mu akwai wani rami da ya cinye kwalta daga gefe zuwa gefe. Direbobi sun sa masa suna Duwan, wato kwastan, don ba mai wuce shi bai biya ba: ko taya, ko sifirin, ko wili ya lanƙwashe. Daga bakin Duwan zuwa ƙofar shagona taku arba'in ne, na sha ƙirgawa.

Wanda bai san wannan hanya ba ba zai gane nauyin da take ɗauka ba. Chadi ba ta da teku. Kayanta a Duwala ake sauke su, wasu su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, daga nan a ɗora wa tireloli. Su bi Garwa, su bi Marwa, su wuce ta ƙofarmu zuwa Mora, Waza, Dabanga, Kusuri, su tsallaka gadar Ngeli su shiga Injamena. Da hanyar ta lalace, direbobi da yawa suka koma bin Tuboro zuwa Mundu, amma waɗanda suka rage ma sun isa su niƙe kowace irin kwalta.

Da na ga fentin ban tsorata sosai ba, domin mun sha jin za a yi. A watan Mayun 2014 'yan Boko Haram suka kai hari sansanin ma'aikatan hanya a Waza, suka tafi da 'yan Sin goma, ba a sako su ba sai watan Oktoba. Aikin Mora zuwa Kusuri, kilomita 205, wanda Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa, ya tsaya cak. A 2018 aka ce injiniyoyin soja za su karɓa. Duk wanda ya zauna a bakin wannan hanya ya koyi jin alkawarin kwalta da kunne ɗaya. Na ce wa Kawu fentin nan ruwan damuna ne zai wanke shi. Kawu, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa tanka kafin idonsa ya raunana, ya ce, "Ɗana, mai jawabi ba ya kashe ko sisi. Wanda ya sayi fenti kuwa ya fara kashe kuɗi."

Bayan mako uku mai shela ya zaga gari, aka taru a ƙofar lawan. Suferefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumarmu, ya zo da kansa, ya yi magana da Faransanci, tafinta yana juyawa zuwa Fulatanci, wanda dukanmu muke ji. Jawabin mai tsawo ne, amma abin da ya shiga kunnena uku ne: duk abin da ke cikin awon za a rushe, kwamiti zai zo ya ƙirga kayan kowa, kuma kada wanda ya ƙara ko bulo ɗaya daga wannan rana. Wani dattijo ya miƙe ya tambaya, filin fa? Tafinta ya saurari amsa, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce wanda yake da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, ya kawo.

Da dare ɗan yayata, wanda ya yi karatu a Jami'ar Marwa, ya zauna ya warware mana. Ya ce tun dokar filaye ta 1974, filin da ba a yi masa titir ba na ƙasa ne a idon hukuma, ko da kakanka a ciki aka binne shi. Dokar 1985, wadda ta yi magana a kan karɓar fili don amfanin jama'a, tana biyan mai titir kuɗin filinsa. Marar titir kuwa abin da ya ɗora a kan filin kaɗai za a duba: gini, rijiya, itace, shuka. Su itatuwa ma akwai takardar 2003 da ta yanka wa kowane iri farashinsa. Na shiga ɗaki na buɗe akwatin mahaifina, na fito da takardar da jauro ya rubuta masa da ajami, da sunayen shaidu huɗu, dukansu sun rasu. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya ce, "Kawu, ka adana ta, tarihi ce." Na gane abin da yake nufi. A layinmu gaba ɗaya, mutum ɗaya ne ke da titir, wani Alhaji mai gidan mai, shi ma aikin bai taɓa shi ba.

A nan na yi wautar da har yau take cina. Na yi tunanin katafila za ta iya zuwa ba shiri ta murƙushe mini rumfa, kuma kwanon rumfar sabo ne, bai shekara ba. Sai na sa yaro muka cire kwanon da azarori muka kai cikin gida. Kawu ya hango mu ya ce in bar komai yadda yake, na ce masa rigakafi ya fi magani. Kwana tara bayan nan kwamiti ya iso.

Mutum kusan goma ne: wakilin perefe, wato na gaba da suferefe, da mutumin aikin gona, da na gine-gine, da mai awon fili, da lawan, da jandarma ɗaya riƙe da bindiga yana hamma. Suna tafe shago-shago, rana tana dukan kowa. Da suka zo kaina aka auna ɗakin tsawo da faɗi, aka ƙwanƙwasa bango aka rubuta na ƙasa ne, aka duba daɓe aka rubuta ba siminti. Na ce akwai rumfa. Mutumin gine-gine ya dubi ramukan ginshiƙai guda shida a ƙasa, ya dube ni, ya ce ina take? Na ce tana cikin gida. Lawan ya sa baki, ya ce shi shaida ne, shekara ashirin yana zama a inuwarta. Mutumin ya ce, cikin ladabi, shi abin da idonsa ya gani a tsaye yake rubutawa. Ban ga laifinsa ba, don a safiyar ranar wani maƙwabcinmu ya wayi gari da lambun mangwaro guda goma sha biyu a bayan shagonsa, inda jiya akuya ke kwana. Mutumin aikin gona ya kama ɗaya ya ɗan ja, sai ta taso da ledarta. Har jandarma sai da ya yi dariya. Bayan wannan, wa zai yarda da rumfar da ba a gani?

Aka ƙirga itatuwana. Darbejiya, wadda ita ce ke riƙe da mu a watan Afrilu lokacin da ƙarfe ke ƙona hannu, an sa ta a layin itacen inuwa, kuɗinta kaɗan. Mangwaro kuwa ya ninka ta nesa ba kusa ba, tun da yana 'ya'ya. Daga nan aka ba ni allo mai lambar nan ta bango, na riƙe a ƙirji kamar ɗan fursuna, aka ɗauke ni hoto a ƙofar shagon. Na dangwala yatsa a takarda. Duka-duka bai kai minti ashirin ba.

Abin da na lura da shi sai bayan sun wuce: a takardar nan babu gurbin ciniki. Ba wanda ya tambaye ni taya nawa nake faci a rana, ko baki nawa ke ci daga shagon. Uwargidana tana soya ƙosai da safe a gindin darbejiya, da rana ta sayar wa direbobi shinkafa da miya. Ita ko sunanta ba a rubuta ba, don murhu da kasko ba gini ba ne.

Wata biyar ba labari. Sannan aka ce an manna jerin sunaye a ofishin suferefe. Muka yi hayar kalando, wato babur ɗin haya, ni da ɗan yayata muka je. Lambata tana nan, awon ɗaki daidai, itatuwa daidai, amma sunan ba irin na katin ɗan ƙasata ba ne. Mai rubutu ya rubuta yadda kunnensa ya ji, katin kuma yana ɗauke da rubutun Faransa, da sunan mahaifina a gaba. Harafi biyu ne bambancin. Ga shi katin ma ya ƙare aiki, resefise, takardar wucin gadi, nake yawo da ita, wadda aka yi ta ƙara wa wa'adi har hatimi ya cika bayanta. Aka ce in rubuta koke a wani babban littafi, in kuma kawo takardar shaidar cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Takardar tana son tambur, wato kan sarki, tana son shaidu biyu masu katin da bai mutu ba, tana son sa hannun wani jami'i wanda duk ranar da na je ya tafi taro. Sau huɗu na je. Kowace tafiya rufe shago ne, da kuɗin babur, da abincin shaidu. Duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce da ni munyal, wato haƙuri, kalmar da a wannan yanki ta fi paracetamol aiki.

Aka biya mutanen layinmu a wani zaure, ana kiran suna ɗaya-ɗaya, aka ba su kwana goma su kwashe kayansu. Ni aka ce nawa yana cikin na gyara, zai zo daga baya. Katafila kuwa ba ta san harafi ba. Ranar da ta zo na riga na cire ƙofa da kwano. Ɗakin da mahaifina ya gina, tura ɗaya ta yi masa. Mangwaron ne ya ɗan yi gardama, sai da aka haƙa gindinsa ta ɓangare uku. Innata ta fito ta tsaya a bakin zaure tana kallo, ba ta ce uffan ba, da ya faɗi ta koma ciki. Da yamma yara suka kwashe 'ya'yan, ɗanye sharaf.

Sai aka rufe hanya aka buɗe ratse. An bi da shi ta bayan gari, ta gefen gonakin masakwa, aka zuba jan burji aka daddanne. Na ɗauki kwanon nan da na ɓoye, wanda ya jawo mini asara, na kafa rumfa a bakin ratsen, a kan filin wani Bagiziga da ya ce in zauna kyauta, in dai zan riƙa sa wa kekensa iska.

Ƙurar ratse ba irin ta hunturu ba ce. Ta hunturu fara ce, daga sama take saukowa. Wannan ja ce, mai nauyi, kowace tirela ta wuce sai ta tashe ta kamar hayaƙin gobara, kafin ta kwanta wata ta iso. An ce tankar ruwa za ta riƙa yayyafi. Tana zuwa da safe, kafin hantsi ƙasa ta shanye, shi ke nan sai gobe, gobe ma in Allah ya so. Masu kilishi suka daina shanya nama, don in ka shanya da safe, azahar za ka tarar da shi kamar an barbaɗa masa jan yaji. Uwargida ta koma soya ƙosai a cikin gida, yara na kaiwa a rufe. Autarmu ta kama tari ya ƙi saki har muka kai ta asibiti. Ganyen masakwa da ke bakin ratse ya yi ja, mai gonar ya ce layi goma na farko ba su ba shi komai ba. Lawan ya kai kuka wurin shef na aikin sau biyu, sai tanka ta yi kwana uku tana zuwa sau uku a rana, sannan a koma gidan jiya.

Amma zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini kyau ba: ban taɓa samun kuɗi a rayuwata irin na watannin ratse ba. Burjin yana da duwatsu masu kaifi, ga kwazazzaɓai da motoci suka haƙa, ga ƙusoshi daga katakon 'yan kwalbati. Tun asuba ake ta da ni. Na ƙara yara biyu. Tifofin kamfanin ma wani lokaci a wurina ake yi musu faci idan nasu makanikin yana nesa. Ina tari, idona ja wur, aljihuna cike. Da dare in ji tarin auta ta bango, in ƙirga cinikin ranar, in rasa wanne zan sa a gaba.

Damuna ta zo aikin bai kai rabi ba. Ƙasarmu ta wajen nan karal ce, baƙar laka da ke tsagewa da rani, in ta sha ruwa kuma ta zama kamar sabulu. Wani dare a watan Agusta aka kwana ana ruwa, da safe wata tirela mai ɗauke da siminti ta nutse har gindi a tsakiyar ratse, wata ta zo za ta kauce mata ita ma ta kwanta. Kwana uku ba gaba ba baya. Layin motoci ya kai inda ido ba ya gani. Direbobi da motoboyi suka cika masallaci da kwana, 'yan Chadi masu Larabci, da mutanen kudu masu Faransanci, da namu. Mai shayi ya ƙarar da madara a rana ɗaya. Uwargida ta dafa buhun shinkafa guda. Wani ɗan kasuwa da ya ɗauko albasa ya zauna a rumfata yana jin warin kayansa na tasowa, ya ce da ni, "Malam, kuɗin mutane ne, ba nawa ba." Ban sami abin ce masa ba, na miƙa masa ruwa. Wata mata mai naƙuda da aka ɗauko a mota daga ƙauye, a kan kalando aka ƙarasa da ita, ana riƙe da ita ta baya. A damunar 2020 da gadar Palar ta karye a Marwa, na ji mutanen birni suna mamakin yadda gari ke tsayawa saboda hanya ɗaya. Mu mun riga mun gani a ƙofar gida.

Da rani ya dawo na sami damar kallon yadda ake yin hanya, don wani matashin injiniya, ɗan wajen Yagwa, ya saba zama a rumfata yana cin ƙosai. Da ina zaton kwalta ita ce hanya. Ya ce kwalta riga ce kawai, jikin yana ƙasa. Sun fasa tsohuwar suka kwashe, inda laka take suka haƙe ta suka zubar, suka kawo burji daga nesa. A zuba, gireda ta baje, tanka ta jiƙa, rola ta bi tana girgiza ƙasa har kwanukan Inna na kaɗawa a cikin ɗaki. Sai wani ya zo ya haƙa ɗan rami ya auna, in bai gamsu ba a sake. Bayan burji aka shimfiɗa niƙaƙƙen dutse, aka fesa wani baƙin ruwa mai wari aka bar shi ya sha, sannan kwalta ta zo a tifa, a lulluɓe, tana tururi. Yara suka yi ta satar ɓarɓashinta suna liƙe bokiti.

Na tambaye shi shekara nawa za ta yi. Ya ce ya danganta da abu biyu, ruwa da lodi. Ya ce dokar 1996 ta kare hanyoyi ta yanka tan 13 a kan aksil ɗaya, wato layin tayoyi ɗaya na mota, tan 50 kuma ga mota gaba ɗaya da kayanta, shi ya sa ake da ma'aunin manyan motoci a kan hanya. Ya ce ƙarin lodi kaɗan ba ɓarna kaɗan yake yi ba, ninkawa take yi. Na yi dariya, don ni ne ke cire tayoyin nan, na san abin da ke kansu. Kawu ya ce a zamaninsa ma mai mota ba ya ƙirga riba sai daga abin da ya hau bisa ƙa'ida.

Ruwan kuwa mu ya fara ci kafin ya ci hanya. Sabuwar kwalta ta fi tsohuwa tudu sosai, gidajen da ke gefen gabas suka koma kwari. An gina lambatu na siminti, mai zurfi, amma ba a rufe shi a ƙofofin gidaje ba. Inna, da sandarta, ta kasa tsallakawa zuwa gidan ƙanwarta da ke ɗaya gefen. Wata biyu ba su ga juna ba, alhali suna jin kiran salla ɗaya. Na sa katako biyu, aka sace ɗaya. Ruwan farko da aka yi, kwalbatin da ke kusa da mu ya toshe da leda da yashi, ruwa ya juyo ya shiga zaurenmu har gwiwa. Wannan karon ban tsaya munyal ba. Muka haɗu mu bakwai, ɗan yayata ya rubuta takarda, lawan ya sa hatimi, muka kai hannu da hannu, muka ce a buga mana shaidar karɓa a kan kwafinmu. Wannan dabara a wahalar suna na koye ta: maganar da ba ta da hatimi ba a yi ta ba. Bayan mako biyar aka kawo faifan siminti aka ɗora a ƙofofi, aka yashe kwalbatin. Na ƙofarmu ya ɗan karkace, amma Inna tana wucewa.

Kuɗina sun fito bayan shekara ɗaya da wata huɗu da rushe shagon. A lokacin buhun siminti da kwano duk sun tashi. Abin da aka ba ni na ɗaki bai isa ya gina irinsa ba. Kuɗin mangwaro ne ya cika. Na ƙara da abin da na tara a ratse na sayi kwamfaresa mai inji, na huta da famfon ƙafa.

Aka buɗe hanya ba biki ba komai, wata safiya kawai muka ga an janye gangunan da suka tare ta. Baƙa wuluk, da farin layi a tsakiya, santsi kamar tafin hannu. Marwa zuwa Mora wajen kilomita 60 ne. Tafiyar da ke cin rabin yini in an yi rashin sa'a ta koma ta awa ɗaya. Direbobi suna murna, kuma suna da gaskiya. Wani abokina mai bas ya ce da duk wata sai ya sayi sifirin, yanzu ya manta kuɗinsa, kuma ya daina kwana da ciwon baya. Matan da ke kai tumatir kasuwa suna isa da shi lafiyayye. Mara lafiya yana kai wa asibiti da ransa. Ba zan zauna in ce tsohuwar hanya ta fi ba, ƙarya ne.

Sai dai Duwan ya tafi, ya kuma tafi da garinmu. Da kowace mota dole ta rage gudu a ƙofarmu, in ta rage kuwa fasinja zai miƙo hannu ya sayi gyaɗa, direba zai ce bari in sha shayi tun da na tsaya. Yanzu sai dai mu ji wucewarsu, fiu. Direbobin da suka shekara goma suna cin shinkafar uwargida suna danna mana oda daga nesa, su ɗaga hannu. Na sallami yara biyun da na ƙara. Akwai ranar da tun safe har magariba babur biyu kaɗai na yi wa faci, sefa dubu ɗaya ke nan. Mai shayi ya tattara ya koma Mora. A nan na gane cewa shekara ashirin ba ƙwarewata ce ke kawo mini mutane ba, rami ne. Ba abu ne mai daɗin ganewa ba ga mutumin da yake ganin kansa gwani.

Gudun kuma ya zo da nasa. Awaki aka fara bugewa, mutane suna tsaki suna yankawa. Yaranmu sun tashi suna tsallaka hanyar da mota ke rarrafe a kanta, ba su san mota mai gudu ba. Wata biyu da buɗewa aka buge wani yaro ɗan makaranta da safe, ya rayu amma ƙafarsa ba ta koma daidai ba. A ranar matasa suka jibga ƙasa da kututture a kan sabuwar kwalta, jandarmomi suka zo suka sa aka kwashe, lawan ya shiga tsakani. Muka sake rubuta takarda, da hatimi, da kwafi. Daga baya aka zo aka yi tudun rage gudu guda biyu, ɗaya a makaranta, ɗaya a kasuwa.

A gindin na kasuwar na gina sabon shago. Ba ni kaɗai na yi wannan lissafi ba: masu gyaɗa, masu rake, mai tsire, da yaran da ke sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, a kwalba, duk mun taru a inda mota ke taka birki. Cinikin bai kai na da ba, amma ana ci. Yawancin masu tsayawa yanzu iska suke so, ko motocin da suka fito daga wajen Dabanga da Waza da tayoyi a yayyage, su lallaɓo har wurina. Wani ya ba ni shawara in bi ramuka arewa in kafa rumfa can. Na dubi Inna da yara, na tuna abin da ya faru a Waza, na ce a'a. Na dasa darbejiya biyu a bayan shagon, nesa da inda igiyar awo za ta iya kaiwa, na kuma fara neman titir, wanda shi ma nasa labarin daban ne.

Makon jiya, bayan ruwan Alhamis, yarona ya kira ni ya nuna mini wani wuri gaba kaɗan da tudun, inda tireloli ke taka birki. Kwalta ta tsattsage kamar bayan kada, tsakiyar ta ɓare, faɗin faranti. Ya ce, "Maigida, in cike shi ko in bar shi?" Yana murmushi, don ya san lissafin kamar yadda na sani. Na daɗe ina kallon ramin, fiye da yadda zan so a sani. Sannan na ce ya ɗauko shebur. Ya zuba burji ya daddaka da ƙafa. Kafin la'asar wata tanka mai zuwa Kusuri ta bi ta kai ta watsar da rabinsa.